Ba Ɓarna, Ba Shayi

Juma'ar da ta wuce samarin nan da ke taruwa cin tuwo a ɗakina na unguwar Muntaza suka sake taɓo ni. Ɗayansu, Nura, mai gadi ne a wani babban kanti, ko zafin Doha na farko bai gama gani ba. Ya suɗe hannu ya ce, "Anti Uwani, ni fa aikinki nake so. Sufabaiza a sito. A sa riga mai ƙyalli, a riƙe oba-oba, a tsaya a inuwa ana yalla yalla, maza maza. Me ya fi wannan?"

Na ce, "Ka cinye min tuwo ka zage ni. Madalla, Allah ya yi albarka."

Suka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ba ta bar raina ba. Ni ban iya rubutu da wuri ba. Sai da na haura talatin na zauna a bencin makarantar manya a Funtuwa, ina jan baƙi ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wanda ya sami biro a wannan shekarun ba ya wasa da shi. Don haka Nura, da kai da ire-irenka, ku karanta.

Aikina na farko a siton nan na Ummu Salal goge-goge ne. Kamfanin shara ne ya kawo ni ƙasar, ya ajiye ni a can da bokiti da mofa. Siton kayan abinci ne: shinkafa, man girki, garin madara, tumatirin gwangwani, dabino, sukari. Kantocin ƙarfe ne jere layi-layi, muna ce musu rak, tsayinsu sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Kaya duk a kan falet suke, wato katakon nan da ake jera kwalaye a kai domin fokilif, motar ɗaga kaya, ta zura haƙoranta ta ɗaga.

Wata safiya galan ɗin mai ya fashe a bakin ƙofa ta huɗu. Na zuba garin katako, na goge, na wanke da sabulu, na kafa alamar nan mai ruwan ɗorawa. Ban ɗago ba sai ga fokilif ta taho a guje, ta take alamar, ta bi ta tsakiyar jiƙar. Na sha gabanta da mofa a hannu. Direban ya taka birki, ya leƙo yana min ihu da guntun Larabci. Na dubi fuskarsa na ga namu ne, sai na ba shi da Hausa: "Kai ɗan wace unguwa ne da ba a koya muku ganin ƙasa ba? In tayar nan ta zame ka danne wani, uwarka za a kira ko tawa?"

Ya saki baki. Shi ne Ilyasu, ɗan Gombe. Har yau in muka yi faɗa sai ya ce, "Anti, tun ranar mofa kike bina."

Ashe akwai mai kallonmu. Wani dattijo ne dogo, baƙi, da farin gemu da hular kwano, ya tako a hankali ya ce da wata irin Hausa ta mutanen da, "Ɗiyata, wanga baki naki ya fi ƙarfin tsintsiya." Baba Usman ke nan, babban foman na siton gaba ɗaya. Ɗan Sudan ne, amma kakanninsa Hausawa ne da suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can. Shi ya je ya yi ta kai-komo har aka mayar da takarduna kamfanin sito, ya sa ni a sashen haɗa kaya, inda mata ke kwance manyan kwalaye suna haɗa wa kowane mai saye abin da ya nema.

Abin da ya fara miƙa min wuƙar yanka kwali ce. Ya ce in buɗe kwalin garin madara. Na zura ta da ƙarfi, gari ya tashi ya rufe min fuska. Bai yi dariya ba. Ya karɓa, ya turo bakin wuƙar ɗan kaɗan, bai fi tsinin farce ba, ya ce, "Salatif za ki yanka, ba kwali ba. Kaya ba abokin gaba ba ne." Haka ya bi da ni kan komai. Jak, abin jan falet da hannu, turawa ake yi a gangara, ba a ja, in ba haka ba ya hau miki dunduniya. Ledar naɗe kaya daga katako ake fara ta, a haɗa falet da kwali su zama abu ɗaya, sannan a hau sama. Mai nauyi a ƙasa, mai fashewa a sama, sabulu ba ya kwana kusa da ganyen shayi. Bindigar sikan, mai karanta lambar kaya, ita ce kawai ta ba ni wuya, don rubutunta da Turanci ne. Sai in tafi da kalmomin a kaina, in tare masu gadinmu a motar komawa gida su fassara min. Takalmin sefti mai ƙarfe a baki kuwa, farkon sa shi na ɗauka hukunci ne. Ranar da gwangwanin man gyaɗa ya faɗo min a yatsu ban ji komai ba, na daina zaginsa.

Masu saye kuma kowa da halinsa. Akwai mai baƙala, ƙaramin kantin unguwa, a Madinat Khalifa, wanda in gwangwani ɗaya ya lotsa sai ya dawo da kwalin gaba ɗaya, ya biyo shi da waya yana rantsuwa da yarensu. Akwai kukun wani babban gida da ke zuwa da kansa ya soka hanci a buhun shinkafar basmati, ya ce wannan ba ta kwana biyu ba, a ba shi tsohuwa. Akwai masu gidajen abinci na nan Muntaza, da ba sa tuna mai ya ƙare sai ya ƙare. Gab da azumi dukkansu sukan haukace lokaci ɗaya. Duk wanda ya ce tsayuwa a inuwa ce, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar lodi a tsakiyar bazara, lokacin da iska ke shigowa kamar an buɗe tanda, direbobi na danna ham, kowa na cewa nasa ne na gaggawa.

Amma duk wannan ana koyonsa. Abin da ya sa nake rubutun nan shi ne shayin Baba Usman.

Kowace safiya kafin a ɗaga ƙofofi, Baba yakan kwantar da falet ɗaya a bakin ƙofa ta huɗu, ya ɗora wani tsohon fulas nasa mai launin shuɗi, cike da karak, shayin nan mai kaurin madara. Shugabannin sassa ne kawai ke zuwa. Kuma ba a zuba wa kowa sai ya ajiye wani abu a kan falet ɗin: abin da ya lalace a sashensa tun jiya. Fasasshen kwali, yagaggen buhu, tayar jak da ta cinye, ko me ne ne. Ka ajiye, ka faɗi yadda aka yi, sauran su faɗi abin da za su iya yi a kai, sannan a miƙo maka kofi. In ka zo hannu rabbana, Baba ya murɗa murfin fulas ya ce, "Ba ɓarna, ba shayi." Har 'yan Nepal da 'yan Filifin sun haddace wannan Hausar.

Na ga ranar da Bahadur, ɗan Nepal mai kula da lodi, ya zo yana washe baki ya ce yau babu komai, mafi mushkila, wato ba matsala da Larabcin nan. Baba ya dube shi ya ce, "Mutane sun wuni suna ɗaukar kaya a rana, ba wanda ya fasa ko kwalba? Ko dai mala'iku kake shugabanta, ko ba ka zagaya ba." Bahadur ya tafi yana ƙunƙuni. Ya dawo da safar hannu da ta huje a tafi, ashe duk mutanensa da irinta suke aiki, hannuwansu sun yi kanta sun tsage, ba wanda ya faɗa. Kafin azahar an fito da sababbi.

Ranar da aka ba ni shugabancin sashen haɗa kaya, na zo shayin farko da shirina. Ilyasu a lokacin ya zama shugaban masu fokilif. Na ɗauko kwalin kwalaben zuma da haƙorin fokilif ya huda, na dire shi a falet ina hararar Ilyasu.

Baba ya ce, "Wanga na wa ne?"

Na ce, "Na mutanen Ilyasu ne."

"To mi ya kawo shi hannunki?"

Ya ce, "Nan kowa nashi yaka kawowa. In kin ga na wani, ki same shi ke da shi, ki nuna mai. Shi za ya ɗauko da hannunshi. In kika ɗauko mai, kin zama 'yar sanda, gobe ya ɓoye miki." Ranar ban sha shayi ba. Ilyasu kuwa ya sha nasa yana kurɓa da ƙara don in ji.

Sannan ba a kiran sunan ma'aikaci a wurin. In ka ce wane ne ya fasa, Baba ya ce, "Wane ba ya shan shayi a nan. Kai ka sha. Naka ne." Abin da ya sa ma'aikatanmu ba sa tsoron kawo mana ɓarna ke nan. Yarinya za ta yanka buhu bisa kuskure ta zo da kanta ta ce, "Mama, ga na shayinki na gobe."

Mutane kan zaci shekarar da aka rufe iyakar ƙasa ce mummunar shekararmu, lokacin da manyan motoci suka daina shigowa, kaya suka koma zuwa ta ruwa da ta sama da rubutun da ba wanda ya iya karantawa. An sha wuya, ba ƙarya. Haka lokacin korona, da takunkumi a fuska cikin wannan zafi. Amma a waɗannan shekarun falet ɗin Baba cika yake yi har ya zubo, muna tsaye nesa-nesa da juna muna dariyar kanmu. Marisel, 'yar Filifin mai kula da ɗakin sanyi, takan aiko min da mutanenta in aiki ya ci ƙarfina, ni ma in aika mata. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar lokacin ba. Mummunar shekara daban ce. Ita ce shekarar da komai ya zama kore.

Baba ya tsufa, aka ƙi sabunta masa iƙama, wato takardar zama a ƙasar, ya koma Sudan. Ranar tafiyarsa ya miƙa min fulas ɗin. Aka kawo sabon manaja, Injiniya Bashir, ɗan Kaduna, matashi mai ilimi da ladabi. Hajiya yake ce min, in ya wuce sai ya gaishe ni. Ba mugu ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ce na ce mugu ne. Masu kamfani ne suka ɗora masa cewa asara ta yi yawa, ya rage ta. Ya ga shugabanni a tsaye da kofuna ƙofofi a rufe, ya ce lokaci ne ke tafiya, a riƙa turo rahoto ta waya. Sannan ya kafa wani babban allo irin talabijin a bango. Kowane sashe da sunan shugabansa. In ba a sami ɓarna a wurinka ba, kore. In an samu, ja. Jan ya taru, takardar gargaɗi. Gargaɗi ya kai ƙarshe, kansil, wato a soke maka iƙama a sa ka a jirgi.

Na sa fulas a loka na kulle.

Ba a daɗe ba allo ya yi kore shar, sai layina kawai da ke ja kamar gauta, don ni ban iya ɓoye fasasshen abu ba, kuma ɓarnar sashena ƙanana ce, ba ta kai ta kora ba. Injiniya yana murna, masu kamfani suna murna. Mu da ke ƙasa mun san abin da ke faruwa. Kwali ya fashe, sai a tura shi layin wani kafin gari ya waye. Masu aikin safe su bar wa na yamma fokilif ba caji. Jak mai kyau sai a ɗaure shi da sarƙa a bayan kaya. Marisel da Ilyasu suka daina gaisawa. Bahadur, mutumin da ke raba mana alewar garinsu, ya koma zagin mutanensa a gaban direbobi. Ma'aikata kuma suka koyi abin da suka ga shugabanni na yi. Ba wadda ta ƙara ce min ga na shayinki.

Wata ranar Talata na lura da falet ɗin gishiri a ƙasa, a ƙarshen layin da ke jingine da teburan 'yan matana. Ba wurin ajiye kaya ba ne, kuma ya kwana biyu a nan. Wata 'yar Kenya a cikinsu ta ce min, "Mama, in an ɗora kaya a sama, ƙarfen nan kuka yake yi." Na ɗauko jak na janye gishirin. Ƙafar rak ɗin ta lanƙwashe kamar bayan mai ruku'u, ƙusar da ta kafe ta a siminti ta guntule. Na ɗaga kai. Man girki ne jere har sama, daidai kan 'ya'yan mutane.

Na kwashe 'yan matan na mayar da su can bakin ƙofa. Sannan na je na sami Ilyasu a wurin cajin batir, ni da shi.

"Ɗan Gombe, zo ka ga wani abu."

Bai motsa ba. Ya ce, "Na sani, Anti."

"Ka sani. Kai ka jingina gishirin?"

"Ɗaya daga cikin mutanena ne ya buga da baya. Anti, ina kan gargaɗin ƙarshe. In wannan ya hau allo, kansil ne. 'Yata tana tsakiyar karatun jinya. Na yi magana da wani mai walda a Sana'iyya, unguwar maƙera, zai shigo ranar Juma'a ba kowa, ya miƙar da ita."

Na ce, "Ƙarfen da ke ɗauke da mai a kan 'ya'yan mutane za ka ba mai waldan ɓoye? Taka 'yar tana karatun jinya, na wasu kuma su zama majinyata? Tashi ka sauke kayan nan yanzu, ina tsaye."

Ya hau fokilif da kansa ya sauke su tas. Da ya gama ya ce, "Za ki kai ni?"

Abin da nake ta juyawa ke nan tun da na janye gishirin. In na je ofis na faɗa, Ilyasu ya tafi, kuma daga ranar duk wanda ya buga ƙarfe zai ƙara iya ɓoyewa ne kawai. In na yi shiru, an lallaɓa ƙafar an mayar da kaya, wata rana ta sauko. Na ce, "Ba ni zan kai ka ba. Kai za ka kawo da hannunka, gobe da safe, ƙofa ta huɗu."

"Ai duk ɗaya ne, Anti. Kora ce."

"In kai kaɗai ne, kora ce. Ka dai zo."

Na sami Bahadur a bakin lodi. Kowa ya san yana da tarin lotsattsun gwangwanaye a wata tsohuwar kwantena a bayan sito. Na ce masa gobe akwai shayi. Ya dube ni ya dubi allo, ya ce, "Mama, Baba babu." Na ce fulas ɗinsa yana nan. Marisel ce ta ba ni wuya. Robar ƙofar ɗakin sanyinta ta yage tuntuni, ta liƙe da salatif, injin yana ta wahala. Da Turancinmu na sito, mai haɗe da Larabci da nuni da hannu, ta ce min, "Mama, kin haukace? In sa wuyana saboda Ilyasu? Mutumin da ya bar min kifi a rana ya ce ba direba?"

Na ce, "Ya yi. Ke ma kin ɗaure masa jak da kwaɗo, ina gani."

"Ina da yara a gida."

"Duk wanda ke siton nan yana da yara a gida. Yau shi ne, ranar da injin nan ya mutu ke ce, kuma ke kaɗai za ki tsaya. Ba zan kai ki ba, ba zan kuma roƙe ki ba. Shayi dai yana nan."

Ta juya min baya ta shige sanyinta.

Washegari na sa direban motarmu ya tsaya a wata kafteriya a hanyar Ummu Salal aka cika min fulas da karak. Na kwantar da falet a ƙofa ta huɗu, daidai inda Injiniya ke bi in ya ajiye mota. Na ajiye nawa, buhun sukari da wuƙa ta farke. Na tsaya ni kaɗai kamar mai tallan da ba ciniki, ma'aikata na wucewa suna satar kallona.

Sai na ji ƙarar jak. Bahadur ne, ya turo falet guda cur na lotsattsun gwangwanaye, gumi na zuba. Ya ce, "Nawa ba ya ɗaukuwa a hannu, Mama." Na zuba masa. Can sai ga Marisel, fuska a murtuke, ta jefa yagaggiyar roba a kan buhuna, ta ce, "Ba don shi ba." Na ce na ji, na zuba mata. Ilyasu ne ƙarshe. Ya zo a hankali, ya buɗe tafin hannunsa, ya ajiye guntuwar ƙusa. Ita ce mafi ƙanƙanta a wurin. Ya karɓi kofi bai iya sha ba.

A haka Injiniya ya same mu.

"Hajiya, lafiya? Me ke nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, allonka kore ne. Wannan kuma abin da ke ƙarƙashin koren ne. Kowa nasa ya kawo."

Ya bi kayan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki ƙusar ya juya ta. "Wannan fa?"

Ilyasu ya ce, "Tawa ce, yallaɓai. Ƙafar rak ce, a layin ƙarshe."

"Wa ya buga?"

"Sashena ne. Tawa ce."

Injiniya ya tafi ya duba da idonsa. Muka ji shi a oba-oba yana cewa a rufe layin, a kira kamfanin da ya kafa rak ɗin. Ya dawo fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kun san abin da doka ta ce. Ilyasu, ka san matsayinka. Hajiya, ni ma fa akwai waɗanda nake amsa wa."

Na ce, "Na sani. In za ka kore shi don ya ɓoye, ga sauran masu ɓoyewa a tsaye, sai ka haɗa. In kuma don ya kawo ne, to ka sani daga yau ba mai ƙara kawo maka komai sai gawa."

Ya shafa goshi. Ina jin bai karya ba ranar, don sai ya miƙa hannu ya ɗauki kofi ya nufo fulas. Ni kuma hannuna ya riga tunanina. Na murɗa murfin.

"Ba ɓarna, ba shayi, ranka ya daɗe."

Bahadur ya runtse ido. Marisel ta ce wani abu da yarensu, ina jin addu'a ce. Injiniya ya dube ni, ya dubi kofin, ya ajiye shi a hankali ya wuce ofis.

Wunin ranar ba wanda aka kira. Ilyasu ya kwashe kayan lokarsa a leda, ya zo ya ce min, "Anti, da kin bar shi ya sha shayin nan." Na ce, "Da na bar shi, da shayi ne kawai."

Da safe na sake kwantar da falet, don ban ga dalilin fasawa ba. Muna tsaye mu huɗu sai ga Injiniya ya fito daga mota da wani abu a hammata. Naɗin ledar naɗe kaya ce, sabuwar nan mai araha da aka koma saye, wadda ke tsinkewa tun ba a ja ta ba, kaya su zube a mota. Duk mun san ta, ba wanda ya taɓa faɗa masa. Ya ajiye ta kusa da ƙusar Ilyasu, wadda na ƙi ɗaukewa, ya ce, "Wannan tawa ce. Ni na sa hannu aka sayo."

Na zuba masa har baki. Ya kurɓa, ya ce sukari ya yi yawa. Na ce haka mai fulas ɗin yake sha.

A nan tsaye ya gaya wa Ilyasu cewa ya sanar da na sama shugaban sashe ne ya kawo rahoton ɓarnar da kansa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ba a yi masa kansil ba. An sauke shi daga shugabanci, ya koma tuƙi na wani lokaci, abin ya yi masa ciwo, ya daɗe ba ya zuwa cin tuwo. Yanzu ya koma kujerarsa, 'yarsa kuma tana aiki a asibiti a Gombe. Allo bai sauka daga bango ba, yana nan har gobe, sai dai ja ya daina jawo gargaɗi. Ɓoyewa ce ke jawowa. Marisel ba ta taɓa cewa na kyauta ba, amma ta cire kwaɗon daga jak.

Baba Usman yakan kira ni duk sallah ya tambayi ƙofa ta huɗu. Na ba shi labarin nan ya yi dariya har da tari, ya ce, "Na faɗa miki wanga baki ya fi ƙarfin tsintsiya." Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu lambarsa ta daina shiga. Fulas ɗin murfinsa ya tsage, na naɗe shi da salatif. An kawo min sabo na ce a mayar.

To Nura, riga mai ƙyalli tana nan, oba-oba ma tana nan, ana ba kowa. Juma'a mai zuwa akwai tuwo da miyar kuka, ka zo. Amma ka zo min da abu ɗaya da ya lalace a hannunka a wurin gadin nan naka cikin makon, naka, ba na abokin aikinka ba. In ka shigo min hannu rabbana kana cewa mafi mushkila, tukunyata ma tana da murfi.